Shekarar da Inna Ta Sake Ɗaukar Ƙwarya

Ku 'ya'yana kun taso kun ji ina kiran Saratu 'yar'uwata, kuna ce mata Gwaggo, har ɗayarku ta taɓa yin gardama da wata a makaranta wai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. To, ba haka ba ne. Ko gari ba mu haɗa ba, ita 'yar Bungudu ce, ni ɗan 'Yankuzo. Kun kuma ji abin da ake faɗi can gida, wai lokacin da Inna ta kwanta, ni da na yi karatun abin sai na naɗe hannu na ɗauko mata baƙuwa. Na ji wannan magana da kunnena tun a lokacin, ban tanka ba. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin hawa babur, ku kuma kuna yi mini tsiya don ba na fashin taron ƙungiyarmu ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku huta da jin ta a bakin wasu.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu da uwarku ke ƙwala wa babbanku kira da sunansa gatsau, har ta ja masa kunne a gaban baƙi, ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Inna 'yar makiyaya ce daga wajen Karakkai, aure ya kai ta 'Yankuzo, kuma ta tafi da kunyarsu cikakkiya, ko ƙwayarta ba ta zubar a hanya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Kowa na ce mini Dikko, ita ko wannan ba ta faɗi, sai dai “wancan”. In na shiga gida tana tsakar gida, ta ba ni baya. In za ta ba ni abinci, ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce da ƙanwata Hassi, ko da bango in Hassi ba ta nan, wai ga tuwo nan yana hucewa. Kada ku ɗauka ƙi ne. Man shanun da ya fi kowanne kyau nawa ne, ta hannun Hassi yake iso ni har makarantar kwana. Amma tun da na buɗe ido na san mutane, ban san taɓin hannun uwata ba.

Na yi karatun ilimin motsa jiki, na samu koyarwa a wata sakandare a Gusau. A ƙauye malamin usur suke ce mini. In na je gida dattawa su tambaye ni, wai har yanzu gwamnati na biyan ka don ka sa 'ya'yan mutane tsalle-tsalle? In yi dariya in ce tana biya, Baba. Muna da ƙungiya ta masu wannan sana'a: malaman makaranta irina, masu horar da 'yan wasa, da wasu da ke aiki tare da masu gashin ƙashi a asibiti. Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo a filin wasa. Al'adar taron ita ce, duk wanda wani aiki ya gagare shi, ɗan ƙwallon da gwiwarsa ta ƙi warkewa ko mai ciwon suga da aka ce ya riƙa tattaki, sai ya tashi ya shimfiɗa shi a gaban kowa, ba a watsewa sai an tattauna. Gaskiya a lokacin ni shayi da hira ke kai ni.

Farkon daminar shekarar da abin ya faru, ana cikin shuka, Inna ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu. Hawan jini ne. Muka kawo ta asibiti Gusau, Allah Ya yi da sauran kwana, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da na riga na sani: watannin farko su ne komai. In aka tashe ta aka motsa gaɓoɓin, akwai fata. In aka bar ta kwance, ƙafar za ta ƙage, hannun ya naɗe, shi ke nan sai dai a riƙa ɗauka ana ajiyewa. Na ce a sauke ta gidana. Da bakinta da ya karkace ta ce da Hassi ita ba ta kwana gidan wancan, a mai da ta ɗakinta. Haka muka mai da ta 'Yankuzo, inda mata suka kewaye ta da ƙauna irin wadda ke kashe ƙafa: a ba ta a baki, a juya ta, a lulluɓe ta, ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka sai wata ta riga ta.

Ranar da na kasa daurewa na yi sallama na shiga ɗakin. Na durƙusa a ƙarshen gado, na ce da Hassi ta gaya mata zan ɗan lanƙwasa ƙafar ne kawai. Na kai hannu. Ban ko taɓa ba, Inna ta ja zane da hannunta mai lafiya ta rufe ƙafar, ta juya fuska bango. Ranar ko kunu ba ta sha ba. Hassi ta biyo ni zaure tana share ido da bakin mayafi.

“Yaya, don Allah kada ka sake. Ta ce in ka ƙara shiga, a kira mutanensu su zo su ɗauke ta.”

“Hassi, ƙafar mutuwa za ta yi!”

“Ta ce ta mutu ɗin.”

Na hau babur na koma Gusau. 'Ya'yan mutane nawa na tayar a fili, ga uwata tana ƙagewa a gabana, ilimin yana cikin hannuna, hannun kuma shi ne abin da ba ta so.

Asabar ɗin taro ta zo, na je don kawai kada in zauna gida. Shugabanmu a lokacin Alhaji Bawa ne, tsohon mai horar da 'yan gudu, mutum mai murya kamar yana magana da wanda ke can ƙarshen fili ko da kana gabansa. Da ya tambaya ko akwai mai matsala, ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi komai, har da zanen da aka ja. Na zaci za a ce in koma in lallashe ta, ko in samu wani malami ya yi mata nasiha. Alhaji Bawa ya cire hula ya sosa kai.

“Dikko, kai kana son ka warkar da uwarka ne, ko kana son ta warke?”

Na ce ai duk ɗaya ne, Alhaji.

“Ba ɗaya ba ne. In ta warke kake so, to ka fita daga ɗakin nan. Dama mu nan ba mu barin mutum ya yi aikin ɗan'uwansa na jini shi kaɗai, tausayi zai hana shi matsawa inda ya kamata ya matsa. Balle kai da ko inuwarka ba a so. Tsohuwa ta riƙe kunyarta tun kafin ka yi haƙori, ba kai za ka ƙwace mata ita tana kwance ba. Wa zai je?”

Sai wata murya daga bencin mata ta ce, “Ni.”

Saratu ce. A lokacin sanin da na yi mata bai wuce gaisuwa ba: gajeriyar mace mai fara'a, tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Bungudu, ta kuma taɓa aiki da masu shanyewar jiki. Wani ya tuna mata cewa hanyar Tsafe zuwa 'Yankuzo ba ta da daɗi a shekarun nan, kun dai san abin da nake nufi. Ta ce za ta yi magana da maigidanta, in ya yarda a fita da hantsi a dawo kafin la'asar, sauran na Allah ne. Nan take masu mota suka raba makonni a tsakaninsu. Wani mai horar da 'yan dambe ya ce shi zai kafa mata sandunan riƙo. Ina tsaye ina kallon mutanen da na ɗauka abokan shayi ne suna rabon uwata a tsakaninsu kamar tasu, ba wanda ya taɓa ganin ta. Na yi musu godiya. Amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙasan godiyar akwai zafi, don an yanke cewa aikina shi ne in raka Saratu in zauna a zaure.

Na kuwa zauna. Duk damina, kowace Asabar in ba ta taro ba, wani lokaci har da tsakiyar mako in an samu hutu. Saratu ta taso daga Bungudu, mu haɗu a Gusau, mu bi ta Tsafe, kowa a motar ya yi shiru yana addu'a a ransa har mu ga rumbunan gari. Ta shige cikin gida, ni in shimfiɗa buzu a zaure. Masu wucewa gona su leƙo.

“Malamin usur, ana hutawa? Jikin tsohuwa fa?”

“Da sauƙi.”

“To madalla. Ashe karatun naku bai aiki a gida.”

Daga zauren ina jin komai. Ina jin Saratu ta kori mata daga ɗaki da wasa da dariya, tana cewa duk wadda ta ƙara ba Inna ruwa a baki ita za ta biya ta kuɗin mota. Ina jin nishin Inna in ana miƙe ƙafar, hannuna na motsi shi kaɗai a kan buzu. Ina jin Inna na zaginta da Fulatanci, ita kuma tana cewa, “Na gode, Inna, ƙara ɗaya.” Kafin gero ya fitar da kai Inna na zama da kanta. Mai damben nan ya zo ya kafa gora biyu a tsakar gida, daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin rumbu, ta fara tsayawa a tsakaninsu.

Daga nan abu ya tsaya cik. Ta tsaya, amma ta ƙi takawa. Saratu ta fito zaure ta zauna nesa da ni, a karo na farko na ga fara'arta ta ɗauke. Ta ce ƙarfi ya fara dawowa ƙafar, tana jin sa da hannunta, amma Inna ta daina yarda da ita. Tana duƙar da kai tana kallon ƙafar kamar ta wani ce, ta jingine duk nauyinta a dama, da an ce taka sai ta zauna. Lokaci kuma yana tafiya.

Saratu ta kai maganar taro. Aka yi ta kawo shawara: wannan ya ce madubi, wancan ya ce a ɗaura mata wani abu a idon sawu. Alhaji Bawa yana ji, can sai ya juyo gare ni.

“Kai Dikko, da can yaya take tafiya?”

Na buɗe baki in yi bayani, na rasa ta inda zan fara. Sai kawai na sauka daga rumfa na shiga fili. Ku gane, ni fuskar Inna ban san ta sosai ba, don ba a ba ni ita ba. Amma bayanta, wallahi ko a cikin taron Idi zan fitar da shi. Ina yaro, in ta ɗauki ƙwaryar nono za ta kasuwa, nakan laɓe a bayan dangar kakata in bi ta da ido har ta ɓace a cikin dawa. Na miƙe wuya, na sa ido can nesa, na saki kafaɗu, hannun dama a sama kusa da kunne, na hagu yana lilo, ƙugu ne ke tafiya, kai ko motsi ba ya yi. Ƙato da ni da gemu, na yi tafiyar uwata a gaban abokan aikina. Na jira dariya, ban ji ba. Da na juyo, Saratu na tsaye, ta dafe ƙirji.

“Ƙwarya!” ta ce. “Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa kallon ƙafarta tana tafiya ba, mu muka sa ta kallo. Ba da wofin kai ta iya tafiya ba.”

Alhaji Bawa ya ce a gwada, amma da sharaɗi: ƙwarya marar nauyi, cikin gora, da mutum a kowane gefe.

Asabar ɗin da ta biyo ban iya zama a buzu ba. Na matsa jikin zanan da ya raba zaure da tsakar gida, na sa ido a wata kafa, kamar dai yadda nake yi ina yaro. Hassi ta sauko da tsohuwar ƙwaryar Inna daga rataye, wadda ta yi baƙi don shan mai, ta naɗa gammo. Inna na tsaye cikin gora a duƙe, tana hararar su.

“Mi za ku yi da ƙwaryata?”

“Nono za ki kai mini kasuwa, Inna,” in ji Saratu. “Na gaji da na gwangwani.”

Aka ɗora gammo, aka ɗora ƙwarya. 'Ya'yana, na karanta littattafai a kan jijiya da tsoka, na koyar da su shekaru, amma abin da na gani ta kafar zanan nan har gobe in na tuna tsigar jikina tashi take. Ƙwaryar na taɓa kanta, wuyan ya miƙe da kansa. Kafaɗar hagu da ta zube ta ɗago. Idonta ya bar ƙasa ya tafi can saman rumbu. Ba wanda ya ce mata taka. Ƙafar da muka yi wata da watanni muna roƙo ta ja ƙasa, ta ɗaga, ta sauka a gaba. Sannan ta dama ta bi ta. Hassi ta saki salati da ƙarfi, Saratu ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasa ina ta maimaita Allahu Akbar a hankali. Ashe duk tafiyar da ta yi a duniya tana nan ajiye a jikinta, ciwo bai cinye ta ba. Tsoro ya kama ni, irin tsoron da mutum ke ji in ya ga ikon Allah kusa da shi ƙwarai.

Daga ranar abu ya yi ta gaba. Aka fara zuba ɗan gero a ƙwaryar, daga baya ruwa. Lokacin da aka fara yankan gero, Saratu ta ce saura abu ɗaya: Inna ta fita daga cikin gora, ta taka fili daga rumbu zuwa ƙofar zaure. Amma dole a samu mai ƙarfi a gefenta na hagu, wanda in ta tafi zai iya tare ta gaba ɗaya. Hassi na da tsohon ciki, ita kuma Saratu kun san girmanta. Ta fito zaure ta dube ni.

“Tashi, Malam Dikko.”

“Za ki ɓata aikin wata da watanni. In ta gan ni zama za ta yi.”

“Na kai maganar wurin Alhaji, ya ce in na ga lokaci ya yi, ya yi. Ka tsaya hagunta, ɗan baya kaɗan. Kada ka taɓa ta, kada ka yi magana, kada ka dube ta. Sauran ka bar mini.”

Na shiga. Inna na tsaye a ƙarshen gora, ƙwarya a kai, ruwa a ciki. Ba ta juyo ba, amma ta san na shigo, na ga bayanta ya ƙage. Ta yi magana da Hassi.

“Mi wancan ka yi cikin gida?”

Saratu ta riga Hassi. “Wa? Ni ban ga kowa ba, Inna. Turke ne na kafa, gorar ta ƙare a nan.”

Na san in ta ce a sauke ƙwaryar, an gama. Inna ta daɗe tana kallon ƙofar zaure. Sannan ta saki gora.

Ta taka, na taka. Ta ƙara, na ƙara. Idona na kan ƙasa, inuwarta kawai nake bi. Ban taɓa tsayawa kusa da ita haka ba, har ƙanshin man shanun da ke gashinta ina ji. Mun kai tsakiyar fili, wurin da ruwan damina ya zaizaye, sai ƙafar hagu ta turguɗe. Kafin in ɗaga hannu na ji an damƙe mini wuyan hannu. Hannun hagu ne, wanda ko cokali bai riƙe ba tun ranar da ta faɗi. Yatsun sun yi sanyi, ba su da ƙarfi sosai, amma sun riƙe. Ruwa ya ɗan fantsalo mini a kafaɗa, ƙwaryar ba ta faɗi ba. Na jira ta saki. Ba ta saki ba. Ta gyara tsayuwa, ta miƙe wuya, ta ci gaba da tafiya da hannuna a cikin nata, ni da furfura ta fara fito mini a gemu, hawaye na zuba, ba halin in share. Sai da muka kusa zaure ta yi magana, idonta na gaba.

“Saratu.”

“Na'am, Inna.”

“Turken nan naki rawa shikai. Ki ce mashi shi tsaya da kyau.”

Inna ta yi shekaru bayan haka tana zuwa maƙwabta barka da ta'aziyya da ƙafarta, kun ma riske ta. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunana ba, ban kuma sake jin hannunta ba sai wannan karon. Ya ishe ni. Mutanen da suka ba ni shi suna nan ƙarƙashin rumfar filin wasa duk ƙarshen wata, waɗanda suka rage cikinsu da waɗanda suka gaje su. Saboda haka Asabar mai zuwa, ko ana ruwa ko ba a yi, ɗayanku ya fito da babur ya kai ni.